Yadda za a kashe kuɗin tallafin abinci a Maradi

Duk magidancin da ya karɓi kuɗin tallafin abinci, ko daga gwamnati ko daga PAM, wato hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kamata ya zauna da uwargida kafin ya tafi kasuwa, domin ita ce ta san tiya nawa ta gero gidan yake ci a kowace rana. Da wannan lissafi za a fara, a ware kaso mafi girma na hatsi, a saye shi gaba ɗaya, saboda awon kullum ya fi tsada, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Idan OPVN, wato hukumar gwamnati mai kula da ajiyar hatsi, ta buɗe sayar da hatsi da rahusa, a fara zuwa can.

Bayan hatsi sai wake, wanda a ganina bai kamata a tsallake shi ba, tun da tuwo da kunu zalla ba sa kare yara daga tamowa. Abin da ya rage a raba shi tsakanin man gyaɗa, gishiri, daddawa da ƙuli-ƙuli. Zogale da tumatir kuwa a riƙa sayensu kaɗan-kaɗan don kada su lalace.