Yadda ake yi wa yaro mai cutar MLD maganin gyaran ƙwayar gado, daga gwaji zuwa bayan dashe

A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai wata 'yar jaka, laisosom, mai narkar da tarkacen da jiki ya gama amfani da su. Yaron da ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado ta ARSA daga uwa da uba duka, jakar tasa ba ta da sinadarin da ke narkar da wani kitse mai suna salfatayid. Sai kitsen ya yi ta taruwa har ya cinye rufin jijiyoyi, rufin da yake yi wa jijiya aikin da roba take yi wa wayar lantarki. Yaro ya fara takawa lafiya lau, sai ya koma faɗuwa, magana ta ɗauke, haɗiya ta gagara. Wannan ita ce MLD. Nau'in da ke kama ƙananan yara yana bayyana kafin wata 30, kuma akasarinsu suna rasuwa cikin shekara 5 daga fara alamu.

Likitocin cibiyar San Raffaele-Telethon da ke Milan a Italiya sun fara gwada maganin kan yara a 2010: a ɗebi iyayen ƙwayoyin jinin yaron, a saka musu lafiyayyar ARSA, a mayar masa da su. Turai ta amince da shi a Disambar 2020 da sunan Libmeldy, Amurka kuma a Maris ɗin 2024 da sunan Lenmeldy, a kan dala miliyan 4.25. Abu guda da ya kamata kowa ya riƙe: maganin yana tare ɓarna ne, ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu.

Tabbatar da cutar

Gwaji uku ake haɗawa: ƙarfin sinadarin ARSA a fararen ƙwayoyin jini, yawan salfatayid a fitsari, da karanta ƙwayar gadon kanta. Kada a tsaya kan na farko. Akwai mutane da yawa masu lafiya da sinadarin nasu yake fitowa ƙasa a gwaji alhali ba su da cutar. Fitsarinsu ne zai nuna babu taruwar kitse. Akwai kuma akasin haka: yaro da alamun MLD, sinadarin yana daidai, matsalar tana wani furotin mai taimaka masa, saposin B. Wannan maganin ba zai amfane shi ba.

Da zarar an tabbatar wa yaro guda, a ɗebi jinin ƙannensa a makon nan, har jaririn da ke goye, ko da kuwa suna wasa garau. Gadon cutar irin na sikila ne: idan iyaye biyu suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ita su haɗu. Abin da ya fi ciwo a wannan aiki shi ne, sau da yawa babban yaron da ya sa aka gano cutar lokaci ya riga ya ƙure masa, ƙanensa ne ake iya cetowa.

Wa ya cancanta

Yaron da bai fara nuna alama ba, a nau'in da ke bayyana kafin wata 30 ko wanda ke bayyana daga wata 30 zuwa kafin shekara 7. A wannan nau'i na biyu ana karɓar wanda ya fara nuna alamu kaɗan, muddin yana tafiya da ƙafarsa kuma fahimtarsa ba ta fara raguwa ba. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da aka gyara suna ɗaukar watanni kafin su zauna a ƙwaƙwalwa, cutar kuma ba ta jira. Shi ya sa ake sake duba yaron kafin a ɗebi ƙwayoyinsa, a kuma sake kafin a fara busulfan, maganin da ke kashe tsofaffin ƙwayoyin ɓargo don sababbin su sami wuri. Idan ya taɓarɓare a tsakani, a dakata.

Ɗibar ƙwayoyi da gyara su

Ana yi wa yaron allurar G-CSF na wasu kwanaki, wani lokaci a ƙara da plerixafor, don iyayen ƙwayoyin jini su fito daga ɓargo su shiga jini, sannan na'ura ta tace masu alamar CD34. Sai an ware aƙalla miliyan 2 a kan kowane kilo na nauyinsa an daskarar da su ba tare da gyara ba. Su ne abin komawa idan dashen ya ƙi kamawa. Idan yaron yana shan maganin rigakafin HIV, a daina aƙalla wata guda kafin a fara allurar, domin yana hana gyaran shiga.

A ɗakin gwaji ana haɗa ƙwayoyin da wani bairos da aka ƙera daga HIV, an cire masa ikon hayayyafa, an ɗora masa lafiyayyar ARSA. Shi ke dasa ta a cikin ƙwayoyin. Ana duba tsabtarsu da yawan waɗanda gyaran ya shiga, a ajiye su a tururin naitirojin mai sanyin da ya wuce digiri 130 na Selsiyas a ƙarƙashin sifili. Ƙa'idar Turai ita ce kada abin da za a mayar ya gaza miliyan 3 a kowane kilo.

Busulfan da dashe

Kada a soma busulfan sai maganin ya iso asibiti an tabbatar da sunan yaron a kan kowace leda. Kwana 4 ake ba shi, ana auna yawansa a jini ana daidaitawa: idan ya yi kaɗan sababbin ƙwayoyin ba za su sami wurin zama a ɓargo da ƙwaƙwalwa ba, idan ya yi yawa ya illata hanta. Ana haɗawa da maganin rigakafin farfaɗiya. Bayan na ƙarshe a jira aƙalla awa 24. Sannan a narkar da leda ɗaya-ɗaya, a ɗura ta jijiya cikin kamar minti 30, kada ta wuce awa 2 da narkarwa. Ba a sa matatar da ke cire fararen ƙwayoyin jini, domin za ta riƙe maganin kansa.

Makonnin haɗari

Zaman asibiti yakan kai mako 4 zuwa 12. Garkuwar jiki tana faɗuwa warwas, don haka duk zazzaɓi na gaggawa ne. Baki yakan yi gyambo har a koma ciyarwa ta bututu. A riƙa auna nauyi kullum: ƙaruwar nauyi ba dalili, kumburin ciki, ciwo a gefen dama da shawara alamu ne na toshewar ƙananan jijiyoyin hanta, kuma defibrotide ake bayarwa. Idan nutrofil, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, ba su haura 500 a maikrolita ba har kwana 60, a mayar masa da ƙwayoyin da aka ajiye. Busulfan yana iya hana haihuwa nan gaba. A faɗa wa iyaye wannan tun kafin a fara.

Idan dashen ya kama, 'ya'yan ƙwayoyin da aka gyara suna shiga ƙwaƙwalwa su riƙa fitar da sinadarin fiye da na mai lafiya, maƙwabtansu su tsotse su yi amfani da shi. Jijiyoyin ƙafa da hannu ba su cika amfana kamar ƙwaƙwalwa ba, don haka gashin ƙashi da gwajin jijiyoyi suna ci gaba.

Ana bibiyar yaron shekara 15, musamman ƙidayar jini, saboda bairos ɗin yana iya sauka kusa da ƙwayar gado mai tayar da sankara. Hakan ya faru da wasu yaran da aka yi wa Skysona, makamancin magani na wata cutar ƙwaƙwalwa dabam. Yaron ba zai ba da jini ko wani sashen jiki ba har abada. A kuma rubuta a katinsa cewa gwajin HIV na PCR, mai neman ƙwayar gadon bairos ɗin, yana iya fitowa da sakamakon ƙarya saboda guntun bairos ɗin da ke jikin ƙwayoyinsa, don kada wani asibitin ya ɗora shi kan maganin cutar da ba shi da ita.