Yadda Mai Neman Gurbin Likitanci Zai Raba Lokacinsa Kafin Jarrabawar JAMB

Duk ɗalibin da ke son karanta likitanci a jami'ar Najeriya, darussa huɗu zai zauna wa a jarrabawar shiga jami'a, wato UTME, ta hukumar JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Turanci tambaya 60 ne, sauran ukun kowanne 40, jimla 180, kuma awa biyu cif ake ba ka a gaban kwamfuta. In ka raba minti 120 gida 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Kowane darasi maki 100 ne, gaba ɗaya 400. A kan wannan lissafi ya kamata a gina jadawalin karatu, domin ranar jarrabawa ba za a tambaye ka awa nawa ka yi riƙe da littafi ba. Abin da za a gwada shi ne ko za ka iya fito da amsa daga kanka cikin daƙiƙa 40.

Ka kuma san da wa kake takara. Majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ta ƙayyade wa kowace tsangayar likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ko a ABU Zariya ne, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ta Maiduguri. Masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Saboda haka mafi ƙarancin makin da ake sanarwa duk shekara don shiga jami'a, ba naka ba ne. Mai neman likitanci ya sa wa ransa 280 zuwa sama, wato 70 a kowane darasi, ya yi shiri daidai da haka.

Fara da gwaji tun kafin ka buɗe littafi

Ranar farko, ɗauko tambayoyin wata shekara da ta wuce, ka saita agogo awa biyu, ka amsa duka 180 ba tare da leƙa komai ba. Makin zai iya ɓata maka rai, amma shi zai nuna maka inda ramin yake. Yawancin ɗalibai kan sami dama-dama a Bayoloji su faɗi warwas a Fiziks, sannan in sun zo tsara lokaci sai su ƙara wa Bayolojin awanni saboda shi ne mai daɗin karantawa. Wannan shi ne kuskure na farko. Ɗaga Fiziks daga 35 zuwa 60 ya fi sauƙi, ya kuma fi riba, a kan ɗaga Bayoloji daga 75 zuwa 85.

Bayan gwajin, sauke manhajar JAMB ta darussan nan huɗu daga shafin hukumar, kyauta ce. Buga ta a takarda. Gaban kowane babi ka sa alama ɗaya cikin uku: na iya, ina tangal-tangal, ban taɓa ganewa ba. Wannan takardar ita ce taswirarka. Littafin sakandare ya ƙunshi abubuwa da yawa da manhajar ba ta nema, kuma wanda ya ce sai ya karance littafi daga bango zuwa bango, jarrabawa za ta riske shi a tsakiya.

Rabon makonni da awanni

A 'yan shekarun nan JAMB kan yi jarrabawar ne a wajajen Afrilu zuwa Mayu. Ƙidaya mako 16 baya daga nan, sai ka ga tun watan Disamba ko farkon Janairu ya kamata a ɗaura ɗamara. Makonni 10 na farko na bin manhaja ne babi-babi. Huɗu na gaba na tambayoyin shekarun baya ne zalla, da gyaran abin da suka tona. Biyun ƙarshe na cikakken gwaji ne da bita. Wanda ya makara, mako 8 kaɗai ya rage masa, ya raba su 4, 3, 1, kuma ya haƙura da babin da bai taɓa gani ba in ba a cika tambaya daga cikinsa ba.

Wanda ya riga ya gama sakandare, awa huɗu da rabi a rana, kwana shida a mako, ta ishe shi in dai karatu ne na gaskiya. Awa 27 ke nan. Ba Fiziks 8, Kemistiri 8, Bayoloji 6, Turanci 5, sannan bayan kowane mako biyu ka sake duba rabon gwargwadon makin da kake samu. Ɗan aji shida da ke zuwa makaranta ba zai sami wannan ba. Awa biyu da rabi zuwa uku a ranakun makaranta, biyar a ranar Asabar, ya wadatar, tunda yawancin abin da ake koya masa don WAEC da NECO shi ne dai a manhajar JAMB. Kada ya yi sakaci da waɗancan, domin likitanci na buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama a zama ɗaya suke son su.

Cikin yini, lokutan salla sun riga sun yanka maka rana gida-gida, sai ka jingina karatun da su maimakon agogo. Bayan sallar Asuba zuwa hantsi ƙwaƙwalwa na nan garau, gari da sanyi, gida shiru. Da sanyin safiya ake kama fara: wannan lokacin na Fiziks ne ko lissafin Kemistiri, awa biyu, a yanka shi minti 50 karatu, minti 10 miƙe ƙafa. Tsakanin Azahar da La'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu, kai ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Yi ƙailula ta rabin awa, in ka tashi ka taɓa Turanci. Bayan La'asar awa ɗaya ta Bayoloji. Bayan Isha'i, abin da ya rage na amsa tambayoyi ne da bita. Tsarin da ya dogara da karatun dare kaɗai, ranar da aka ɗauke wuta ya rushe. Mallaki fitila mai caji, kuma mafi nauyin aikin ya kasance da hasken rana.

In azumi ya faɗo cikin watannin shiri, kamar yadda yake yi a shekarun nan, matsar da darasi mai nauyi zuwa bayan sahur, ka bar yammaci ga bita mara wahala. Rage awa ɗaya a rana ya fi ka yi ta gyangyaɗi a kan littafi.

Bita irin ta mahaddata

Nan ne yawancin lokaci ke zubewa ba a sani ba. Ɗalibi zai karanta babi, ya ja layi da jan biro, ya sake karantawa, ya ji ai ya gane. Bayan mako biyu a tambaye shi, sai ka ji "wallahi na karanta wannan." Ganin abu a shafi ka shaida shi daban, fito da shi daga ka daban. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko bayan koyon abu, kuma maimaitawa jefi-jefi ke rage mata gudu. Duk wanda ya yi hadda a Islamiyya ko tsangaya ya san wannan a aikace. Ba a ƙara sabon karatu sai an kawo na jiya da ka, kuma wanda ya bar muraja'a, haddarsa zubewa take yi komai ƙarfinta.

Haka za ka yi wa Kemistiri da Bayoloji. Ka gama babi yau, gobe kafin ka fara sabo, rufe littafi, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna cikin minti 10. Sannan ka buɗe ka ga abin da ya tsere. Maimaita bayan kwana 3, bayan kwana 7, sannan bayan mako 3. Rubuta ranakun bitar a gefen takardar manhajarka tun ranar da ka gama babin, in ba haka ba za ka manta da bitar kanta.

Akwai abubuwan da dole su zauna a bakinka kamar karatun Fatiha, domin babu lokacin tsayawa tunaninsu: mol ɗaya na iskar gas yana cin 22.4 dm³ a daidaitaccen zafi da matsi, lambar Faraday 96,500, dokokin Boyle da Charles, dokar Ohm, dabarun lissafin motsi, alamomi da lambobin sinadarai 20 na farko, da rabon 3:1 na gwajin Mendel. Yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ka zuba a aljihu. A cikin adaidaita sahu, a layin ɗibar ruwa, a jiran abinci, minti biyar-biyar ɗin nan su ne na kwalayen.

Fiziks kuwa ba a karanta shi kamar labari. Cikin kowace awa, minti 15 na fahimtar ƙa'ida, 45 na warware tambayoyi da fensir a hannu. Kallon malami yana warwarewa a lesin ko a YouTube yana sa mutum ya ji ya iya, alhali hannunsa bai taɓa yi ba. Awannin lesin kada ka lissafa su cikin 27 ɗin nan, sai dai in kai ne kake warware tambayar.

Turanci ya fi son kaɗan-kaɗan kullum. Nassi ɗaya na fahimta a rana, tambaya 10 na nahawu da ma'anar kalmomi, da 'yan mintuna a kan furuci da inda ake danna murya a kalma, ɓangaren da ɗalibanmu suka fi zubar da maki saboda ba a cika koyar da shi da baki ba. Akwai kuma littafin labari da JAMB ke sanyawa, ana ba da shi lokacin rajista. Karanta shi da kanka sau biyu. Taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp ba ta kawo ƙananan bayanan da ake tambaya.

Littafin kurakurai

Sayi littafin rubutu mai shafi 60, kada ka rubuta komai a ciki sai tambayoyin da ka faɗi. Kowace ɗaya, rubuta amsar daidai da dalilin faɗuwarka: ban san abin ba, na sani na manta, ko garaje. Maganin kowanne daban. Na farko a koma littafi, na biyu a ƙara bita, na uku a rage sauri wajen karanta tambaya. Kurakuran garaje sun fi ciwo: an ba ka santimita ka yi lissafi kamar mita ce, ko tambaya ta ce a zaɓi wanda ba daidai ba, idonka ya tsallake kalmar. A Kemistiri, Fiziks da Bayoloji kowace tambaya kusan maki biyu da rabi ce, saboda haka irin wannan kuskure sau takwas ya cinye maki 20. Ranar hutunka ta mako, rabin awa da wannan littafin ta wadatar.

Waya da mutanen gida

Lokacin karatu, waya ta kwana a wani ɗaki ko a hannun wani babba. Kifa ta a gefenka bai isa ba, hannu zai kai. In da ita kake amsa tambayoyi, kashe data.

Ɗaliba mace sau da yawa aikin gida ke cinye mata safiyar da ta fi albarka. A zauna da Mama da Baba tun farko, a nuna musu jadawalin a rubuce, a roƙi awa biyun safe na wata huɗu kacal, ita kuma ta ɗauki aikin yamma. Iyaye sun fi girmama abin da suka gani a takarda. Haka namijin da ke jiran shago: ya nemi a ba shi safiya, ya karɓi rana.

Barci awa 7 zuwa 8 yana cikin shirin, domin a cikinsa abin da aka karanta ke zama. Kwana a zaune da goro da shayi mai kauri yana ba ka awa uku yau ya ƙwace maka yinin gobe. Masu tallar amsoshi kafin jarrabawa kuwa, kuɗinka da lokacinka za su ci, kuma JAMB na soke sakamakon wanda ta kama da maguɗi.

Makonni biyun ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka buɗe sabon babi yanzu. Yi cikakken gwaji sau uku a mako, a kan kwamfuta in da hali, a cibiyar CBT, wato inda ake jarrabawa da kwamfuta, ko shagon intanet. Lokacin rajista ka zaɓi yin jarrabawar gwaji ta JAMB, domin ita ce za ta saba maka da zauren da allon. Koyi maɓallan: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Ba a shiga da waya, agogon hannu ko kalkuleta. Akwai agogo da ƙaramar kalkuleta a kan allon, ka saba da su.

Gwada wannan rabon a gida har ya zama jiki: Bayoloji minti 20, Turanci 35, Kemistiri 28, Fiziks 30, ragowar 7 na komawa kan waɗanda ka tsallake. Tambayar da ta haura minti ɗaya ba ka ga hanya ba, zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya ka wuce. Ba a rage maki don an faɗi, saboda haka kada ka bar ko ɗaya babu amsa.

Buga takardar shaidar zama jarrabawa da zarar JAMB ta ba da damar bugawa, ka je ka ga cibiyar da za ka yi jarrabawar da idonka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, musamman in a wani gari aka tura ka. Bayan an fito, huta mako ɗaya, sannan ka koma awa biyu a rana da littafin kurakuranka da kwalayenka, domin jami'o'i da dama na yin nasu gwajin tantancewa bayan UTME, kuma daga darussan nan ake ɗebo tambayoyin.