Ɗuma Mota da Safe: Kurakuran da Ake Yi wa Inji da Sunan Gata

Yawancin direbobinmu sun gaji ɗuma mota ne daga iyayen gidansu na tuƙi, su ma daga nasu, tun zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna. A lokacin suna da gaskiya. Motocin da kabireta suke aiki, kuma idan inji ya kwana ya huce, fetur ba ya gauraya da iska yadda ya kamata. Dole ka ja cok, abin da ke rage iska don fetur ya yi yawa, ka jira, in ba haka ba kana sa giya ta mutu maka a ƙofar gida. Amma motocin da suka cika titunanmu yau, su Corolla da Camry da Accord da Sharon, masu injekta ne. Akwai na'urar da ke auna zafin ruwan inji ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage da kanta. Cok ya tafi, jiran ya zauna.

Shi ya sa har gobe za ka ga an tayar da mota an bar ta tana silo, wato inji na aiki tana tsaye, minti goma ko sha biyar, mai ita yana ciki yana karyawa. Alhali abin da inji ke nema da safe shi ne baƙin mai ya taso daga ƙasa ya shiga ko'ina, kuma famfon mai yana gama wannan cikin 'yan daƙiƙu. Ka murza makulli, ka ga jar fitilar baƙin mai ta mutu, ka ɗaura bel, ka gyara madubi. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya wadatar. Daga nan sai ka tafi a hankali.

Dalili kuwa, inji ba ya saurin yin zafi a tsaye. Muddin da sanyinsa, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da zuba masa fetur fiye da ƙa'ida. Wanda bai ƙone ba yana jiƙa bangon silinda, ya wanke baƙin man da ke kare fistin da ringi, wani ma ya zurara ƙasa ya tsinka man. Wato duk mintin da ka ƙara a silo, ka tsawaita lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe ne. Tafiya ita ke kai inji zafinsa da wuri, ta kuma ɗuma man giya, wanda silo ba ya yi masa wani abin kirki. Ga asarar kuɗi: matsakaiciyar mota tana shan wajen lita guda a awa ɗaya tana tsaye. Minti goma kullum ya zama awa biyar a wata. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

Wani zai ce to hunturu fa? Sanyin asuba a Kano ko Zinder a watan Janairu yana shiga jikin mutum sosai, amma ga inji ba wani abu ba ne. Masu jona hitar inji da wutar lantarki cikin dare, irin mutanen Kanada, da sanyin digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili suke fama. Namu, ko a Jos, minti ɗaya ya isa. Farin tururin da ke fita daga salansa da safe, da ruwan da ke ɗiga daga bakinta, ba alamar ciwo ba ne idan sun ɗauke bayan motar ta yi zafi.

Wanda ya fi jira muni shi ne taka totur. Mota na tashi a hau ba ta wuta har unguwa ta amsa, wai don ta buɗe. A daidai wannan lokacin man bai gama zagayawa ba, yana da kauri kamar manja a hunturu, ƙarafan kuma ba su kumbura sun zauna daidai ba. Ka ƙyale ta. Za ka ga allurar juyin inji ta hau wajen 1,200 ko 1,500 da kanta, sannan ta riƙa sauka zuwa 700 ko 800. Haka aka tsara ta. Idan ka fita, kar ka wuce 2,500 zuwa 3,000 a mintuna biyar zuwa goma na farko, kuma ko allurar zafi ta kai tsakiya ka ɗan ƙara haƙuri, don baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi. Ba ta wuta kafin a kashe ta, shi ma a daina, ba ya ƙara wa batir komai.

Kuskuren da ya fi damuna ba a gida ake yin sa ba, a gareji ne. An sayo mota daga waje, bakanike ya kwance tiyon lagireto, ya zaro tamostat ya wurga a kwandon tarkace, ya ce na ƙasar sanyi ne. Sau da yawa har ya jona fanka kai-tsaye, tana juyawa tun daga murza makulli. Mai mota ya ga allurar zafi kwance a ƙasa kullum, hankalinsa ya kwanta. Tamostat kuwa aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. A wannan zafin aka ƙera injin ya yi aiki, a Jamus ne ko a Sakkwato. Idan aka cire shi, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, a doguwar hanya da dare ma ya koma ya huce. Ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai. Sai shan fetur ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya lalace da wuri. Mutum ya ɓata minti goma yana ɗuma motar da aka riga aka hana ta ɗumi. Idan mota tana zafi fiye da kima, a nemi ainihin ciwon: lagireto ya toshe, murfinsa ya mutu, fanka ba ta tashi, famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale. In shi ne, sabo za a sa, a mayar da fanka kan na'urarta.

Baƙin mai ma a duba. Ana yawan ɗura 20W-50 a injin da kamfani ya rubuta masa 5W-30 ko 5W-20, kuma mai kauri ya fi jinkirin isa saman inji da safe. Lambar tana cikin littafin mota, wani lokaci a kan murfin zuba man.

Kada a taɓa ɗuma mota a rufaffen gareji ko a jikin tagar ɗakin da yara ke barci. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin janareta ita ce a salansa, ba ta da wari, ba ta da launi.

Akwai waɗanda hukuncinsu ya ɗan bambanta. Mai injin gas, irin su Hilux da Hiace na dizal, ya murza makulli ya jira fitilar hitar da ke ɗuma cikin silinda ta mutu kafin ya tayar. Manyan motoci masu birkin iska dole su tsaya har iska ta cika. Mai inji mai tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura wa inji iska), idan ya dawo daga gudu mai nisa, ya bar ta a silo kamar minti ɗaya kafin ya kashe. Tsohuwar mota mai kabireta a ba ta minti biyu ko uku, har ta daina sheƙa. Motar da ke ajiye kuwa, kunna ta minti biyar kowace safiya ba ya cika batir, sai dai ya tara ruwa a salansa. Gara sau ɗaya a mako a fitar da ita a yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin.