Yadda za ka jera yaren Kuroshiya da Malayalam ka gwada su ba tare da ka ruɗe ba

In kana son kwatanta yaren Kuroshiya da Malayalam, abu na farko ka ajiye jerin kalmomi gefe guda tukuna, ka fara tambayar asali, don waɗannan biyun ko a kakanni ba su haɗu ba. Na Kuroshiya ɗan gidan Silabiyawan kudu ne, ɗan uwan Sabiyanci da yaren Bosniya, can nesa kuma dangin Rashanci, duk cikin babban gidan yarukan Indiya da Turai. Malayalam kuwa yaren jihar Kerala ne a kudu maso yammacin Indiya, gidan Dirabidiya, shi da Tamil kamar wa da ƙani. Masu magana da shi sun kusa miliyan 35 a ƙidayar 2011, alhali Kuroshiya gaba ɗayanta ba ta cika mutum miliyan 4 ba.

To ga tarkon da mutane ke faɗawa. Za ka ga a Malayalam na littafi ana ce wa wuta agni, a Kuroshiya kuma akwai oganj, sai ka ce ai shikenan 'yan uwa ne, a'a malam tsaya. Malayalam aro ya yi daga Sanskirit, tsohon yaren littattafan addini da ilimi na Indiya, kuma ya ara da yawa ba kaɗan ba, shi Sanskirit ɗin ne ɗan uwan yaren Kuroshiya na nesa, kalmar gida da mai dafa abinci a Kerala za ta faɗa ita ce thee. Shi ya sa in za ka gwada kalmomi ka ɗauki waɗanda ba a cika aro ba, kamar ƙirga: jedan, dva, tri, četiri, pet a Zagreb babban birnin Kuroshiya, onnu, randu, moonnu, naalu, anchu a birnin Kochi na Kerala, ko alamar kama babu. Wani abin sha'awa ma, Filip Vezdin, limamin Katolika ne ɗan asalin Kuroshiyawan Ostiriya, ya zauna a gaɓar tekun Malabar, wato yankin Kerala, daga 1776 zuwa 1789 ya koyi Malayalam, shi ya buga nahawun Sanskirit a Rum a 1790, yana cikin na farko da suka lura Sanskirit na da alaƙa da yarukan Turai.

Daga nan sai rubutu. Na Kuroshiya rana ɗaya ta ishe ka, boko ne, haruffa 30 da Ljudevit Gaj ya aza harsashin tsarinsu a shekarun 1830, yadda aka rubuta haka ake karantawa, sai dai ka riƙe č da ć da š da ž da đ, da kuma lj, nj, dž da kowanne harafi ɗaya ake lissafa shi. Abin da zai ɗaure ma harshe shi ne kalmomin da ba wasali a ido, prst yatsa, vrt lambu, Krk sunan tsibiri, r ɗin ce ke riƙe gaɓar. Malayalam kam sai ka ware masa makonni, haruffansa zagaye-zagaye ne, kowane baƙi yana zuwa da a a jikinsa sai an maƙala masa alama ya koma i ko u, baƙaƙe biyu kuma su narke su zama siffa ɗaya, yawansu ne ma ya sa gwamnatin Kerala ta sauƙaƙa rubutun a 1971 saboda injin bugawa. Musulman Mappila na can suna da nasu ajamin, Arabi-Malayalam, duk wanda ya yi allo zai gane dabarar nan take.

Kar ka tsallake sauti, ka nemi bidiyo a YouTube ka saurara da kunnenka. Bahaushe na da sa'a ta ɓangare biyun, Malayalam na bambanta dogon wasali da gajere da baƙi mai shadda, Kuroshiya kuma na da hawa da saukar murya a kalma wanda ba a rubutawa, duk mun saba. Inda za ka sha wuya shi ne zh ɗin da ke cikin Kozhikode, sunan wani birni a Kerala, ko mazha ruwan sama, ba z ba ce ba sh ba ce, harshe ake lanƙwasawa baya ba tare da ya taɓa ganɗa ba.

Amma ni a ganina naman kwatancin yana cikin jimla, nan ya kamata ka daɗe. Ɗauki jimla ɗaya gajera, ina karanta littafi. Ɗan Kuroshiya zai ce čitam knjigu, bai ma faɗi ni ba don m ɗin ƙarshe ta riga ta faɗa, kai čitaš, shi čita, mu čitamo, littafin ma asalinsa knjiga ne ya koma knjigu saboda shi ake karantawa. Ɗan Kerala zai ce njan pusthakam vaayikkunnu, aikatau a ƙarshe, kuma vaayikkunnu ɗin nan ba ya motsi ko ni ne ko kai ko su, wanda har Tamil ɗan uwansa ba haka yake ba. Sai ka sake gwadawa da gida. Kuća, a cikin gida u kući, shiga gida u kuću, wato ƙaramar kalma a gaba sannan wutsiyar ta canza, kuma canjin ya danganta da jinsi, namiji ko mace ko na ukun da ba ko ɗaya, ga siffofi bakwai na suna, wallahi nan ne ɗalibai ke gudu. Malayalam veedu, veettil, veettilekku, ɗafi kawai ake jerawa a baya ɗaya kan ɗaya, kalmar ta yi tsawo amma kana iya yanka ta gunduwa-gunduwa ka ga aikin kowanne. Ka rubuta irin waɗannan jimlolin goma a takarda da ka raba gida uku, Hausa a tsakiya, ka riƙa canza abu ɗaya tak kowane layi ka ga me ya motsa.

Ka duba wakilin suna ma. Malayalam na da mu guda biyu, nammal har da kai da nake wa magana, njangal ban da kai, Kuroshiya mi ɗaya ce kamar mu. Wajen girmamawa kuwa ɗan Kuroshiya na da ti na aboki da Vi na manya, ɗan Kerala nee na yaro ko aboki na kusa, ningal na mutunci, sai thaankal in abu ya yi nauyi, kar ka kuskura ka ce wa dattijo nee.

Sannan ka tabbatar wane karin harshe kake gwadawa. Kuroshiya na da uku, an raɗa musu suna daga yadda suke cewa me, što da kaj da ča, na što ne daidaitacce da ake koyarwa a makaranta. Malayalam na jarida shaƙe yake da Sanskirit, na Kozhikode kuma akwai Larabci a ciki sosai, in ka ɗauko jimlar labarai daga Zagreb to ka nemo ta labarai daga Kerala, hirar kasuwa kuma da hirar kasuwa.