Yadda Nake Koyar da Darasin Ƙurar Sararin Samaniya

Malamai 'yan'uwana, wannan darasi na yadda sinadaran gina jikin mai rai ke haɗuwa a kan ƙurar sararin samaniya ba a allo ake fara shi ba. Ku bari sai Disamba ko Janairu, daren da hazo ya lafa, ku fita da ɗalibai bayan isha'i inda babu hasken lantarki. Ni wajen Dundaye nake kai nawa. Ku nuna musu Kaza da 'Ya'yanta. Gabas da ita kaɗan akwai gajimaren ƙura da iskar gas na rukunin taurarin Taurus, nisan da haske ke shafe kusan shekara 450 kafin ya iso mu. Ido ba ya ganinsa. Sanyinsa ya kai digiri 263 ƙasa da sifili.

Washegari ku shigo aji da kofin silba, ku cika shi da ƙanƙara da gishiri. Iskar hunturun Sakkwato busasshiya ce, don haka a sa yaro ya hura wa kofin numfashi har farar ƙanƙara ta kama bayansa. Haka iskar gas ke daskarewa a jikin ƙwayar ƙura, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Nan ne wurin dagewa. A fili ƙwayoyin zarra da wuya su gamu, amma a bayan ƙura sai su zauna tare. Haidirojin, da yake shi ne mara nauyi, yana yawo a kai: ya tarar da oksijin a sami ruwa, ya tarar da naitirojin a sami amoniya. Ku rubuta CO, wato kabon monoksaid, a allo, yara su riƙa ƙara H, wato haidirojin, ɗaya-ɗaya. Biyu sun ba da fomaldihaid, huɗu sun ba da metanol, CH3OH. Daga nan hasken UV, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ya farfasa su, in sabon tauraro ya ɗan ɗumama wurin gutsattsarin su motsa su haɗe su girma.

Dole wani ya ce, "Malam, wa ya gani?" Ku shirya amsa. A 2002 masana a Amurka da Holan sun haska irin wannan ƙanƙara a ɗakin gwaji, suka sami amino asid, tubalan gina furotin. Kumbon Rosetta ya gano gilaisin, ɗaya daga cikin amino asid, a tauraro mai wutsiya 67P. Ƙasar da aka ɗebo daga Bennu, wani dutse mai yawo a sararin samaniya, aka sauko da ita a 2023, tana ɗauke da 14 cikin amino asid 20 da jikinmu ke gina furotin da su.

Kada dai ku bari su tashi da cewa an gano rai a sama. Sinadari aka gano, ku sa su rubuta hakan a littafi kafin a buga ƙararrawa.