Yaron da ba a dawo da shi ba: inda muke kuskure kan sakaci da haƙoran yara

Da abokan aiki nake: ma'aikatan ɗakin haƙori, nas-nas na asibitocin sha-ka-tafi, har da malaman firamare, waɗanda sukan riga mu ganin yaron da ke tauna da gefe guda yana dafe da kunci.

Kuskuren farko daga bakinmu yake fita: "Ai na yarinta ne, zai yi famfara." Gaskiya ne haƙoran yarinta ashirin ɗin nan duk za su zube, amma turamen ciki sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Wanda ya yi kogo yana ɗan shekara 4 ke nan zai shekara shida yana fama. Ga kuma turmin da ke tsirowa can ƙurya wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye na ɗauka shi ma zai zube, alhali da shi za a tsufa. Ɗauko madubi ka nuna wa uwa shi, ya fi dogon bayani.

Sai saurin yanke hukunci, wanda ni ma na taɓa faɗawa ciki. An kawo mini wata yarinya kuncinta ya haye har ido ya fara rufewa, katinta kuma ya nuna an ba su rana wata biyu baya. Na rufe uwar da faɗa. Ta bari na gama, tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Likita, sau uku ina tambayar babanta kuɗin mota." Kunya ta kama ni. Tun ranar nake fara da tambaya: a hannun wa yaron yake, daga ina aka taso, wa ke ba da izini da kuɗi? Ruɓaɓɓen haƙori kaɗai ba ya nuna sakaci. Rashin sani daban, rashin hali daban. Sakaci shi ne an yi bayani an gane, akwai halin zuwa, amma a bar yaro da ciwon da ke hana shi barci da cin abinci, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In matsalar daga maigida ce, shi za ka kira. In almajiri ne, nemi malaminsa. Ɗan riƙo da maraya kuwa, tabbatar ka san wanda ke da alhakinsu kafin su fita ƙofa.

Shiru ya fi wannan haɗari. Mukan rubuta "bai zo ba" a kati mu rufe, sai ka ce ɗan shekara 5 ne zai tari adaidaita da kansa. A Ingila likitocin haƙori da dama sun koma rubuta "ba a kawo shi ba", kuma wannan 'yar kalmar na tilasta maka tambayar dalili. Karɓi lambar waya biyu tun zuwan farko, ka kira, ka rubuta ranar da ka kira da amsar da ka samu. In abin ya ci gaba, kada ka ce ba ruwanka da gidan wani, kada kuma ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Sanar da shugaban sashe, a kai ga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa lafiyar yaro cikin haƙƙoƙinsa. Wani lokacin ma kalma ɗaya daga mai unguwa ko liman ta isa. Abin da idonka ya gani za ka rubuta, ba zatonka ba, musamman in akwai ƙuna a leɓe ko raunin da bai yi daidai da labarin da aka ba ka ba.

Kada kuma lafawar ciwo ta ruɗe ka. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa, kuma ƙwayoyin kemis ba sa toshe kogo.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne mu duba yaro mai tamowa, mu auna damtse, mu ba da abinci, ba mu buɗe bakinsa ba. Cutar noma (ba noman gona ba, mai cin fuska) daga dasashi take farawa: jini, gyambo, wari mai ƙarfi, galibi a 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta kayar. Cikin 'yan kwanaki sai kunci ya kumbura ya yi baƙi ya huje, kuma mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki na iya tsayar da ita. Fitilar wayarka ta isa ka ɗaga leɓe ka duba. In ka ga kumburi tare da wari, a ranar za ka tura shi babban asibiti, kada ka ba da ranar dawowa.