Yadda Mazauna Unguwar Bayan Gari Za Su Bi Sawun Kuɗin da Gwamnati Ta Ware Musu

Unguwannin da ke gefen manyan birane suna cika da jama'a da sauri fiye da yadda hanya da ruwan famfo da makaranta suke isa gare su, kuma sau da yawa mazaunansu suna wuni a cikin birni wurin neman abinci, sai dare ya yi su koma gida, don haka ba kowa ne yake da lokacin bibiyar abin da hukuma take yi da kuɗin da aka ware wa yankin ba. Idan magudanar ruwa ta toshe ko aka fara hanya aka watsar, sai ka ji ana ta ƙorafi a kan "gwamnati" ba tare da an san ko wacce ake nufi ba. Daga nan ya kamata a soma.

Ku zaɓi aiki guda ɗaya wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, misali hanyar da ta haɗa unguwa da babban titi, sannan ku tabbatar da matakin gwamnatin da alhakinta yake wuyansa. A ƙasashen da ke bin tsarin tarayya, irin su Najeriya da Indiya da Amurka da Brazil, hanyoyi da makarantu da asibitoci a rabe suke tsakanin gwamnatin tsakiya da ta jiha da ƙaramar hukuma, kuma unguwar bayan gari ta fi kowa faɗawa cikin wannan ruɗani, domin takan zauna a kan iyakar hukumomi biyu, kowacce tana tura wa 'yar'uwarta. Ku je sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka ta jiha ku yi tambaya, ku nemi a ba ku amsa a rubuce. Wasiƙar da aka kai wa ofishin da ba shi da hurumi ɓata lokaci ce kawai.

Bayan haka sai ku nemi kasafin kuɗin shekarar, wanda majalisar dokoki ta amince da shi aka kuma sa masa hannu, domin daftarin da gwamna ko shugaban hukuma ya gabatar yakan canja kafin ya zama doka. Kasafi kashi biyu ne: ayyukan yau da kullum, wato albashi da tafiyar da ofisoshi, da kuma manyan ayyuka, wato gine-gine da hanyoyi da sayen kayan aiki. Abin da kuke nema yana cikin kashi na biyu, ƙarƙashin sunan ma'aikatar da za ta yi aikin. Ku rubuta sunan aikin yadda aka buga shi, da lambarsa, da adadin kuɗin. Ku kuma duba kasafin shekaru biyu ko uku da suka gabata, domin aikin da yake fitowa kowace shekara da sabon kuɗi alhali ba a ga ko tifa ɗaya ta yashi ba, shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa.

A nan ne mutane da dama suke yin kuskure, kuma a ganina nan ne zuciyar lamarin: rubuta kuɗi a kasafi alkawari ne kawai, bai nuna cewa an fitar da su ba. Kuɗin sai sun bi matakai kafin su zama kwalta a ƙasa. Sai baitulmali ya sake su ga ma'aikata, ma'aikata ta ba da kwangila, a biya ɗan kwangila kafin alƙalami, injiniyan gwamnati ya duba aikin ya sa hannu cewa an kai wani mataki, sannan a biya sauran. A kowace gaɓa kuɗi na iya maƙalewa ko su zurare, kuma kowace gaɓa tana da takardarta. Rahoton aiwatar da kasafi, wanda gwamnatoci da yawa suke fitarwa bayan kowane wata uku, shi zai nuna muku nawa aka saki daga cikin abin da aka ware. Takardar kwangila za ta nuna sunan kamfani da tsawon hanyar da wa'adin kammalawa. Rahoton babban mai binciken kuɗi, wanda ake miƙa wa majalisa bayan shekara ta ƙare, yakan bayyana ayyukan da aka biya kuɗinsu ba a yi ba, ko da yake yakan makara.

Abin da ya faru a Uganda ya nuna girman tazarar da ke tsakanin takarda da ƙasa. Wani bincike da aka yi a 1996 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin da gwamnatin tsakiya take aika wa makarantun firamare don kayan aiki yake isa gare su, sauran kuma yana tsayawa a hannun hukumomin gundumomi. Da gwamnati ta fara buga adadin abin da ta aika a jaridu, iyaye da shugabannin makarantu suka san haƙƙinsu, kuma ya zuwa 2001 abin da yake isa ya haura kashi 80 cikin ɗari.

Idan an hana ku takardun, ku yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai. Ta Najeriya ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ta Indiya ta 2005 ta ba da kwana talatin, ita kuwa ta Amurka ta 1966 hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, kowace jiha tana da tata dokar daban, saboda haka ku tabbatar da wadda ta hau kan ofishin da kuke nufi. Wasiƙar ta zama gajeriya, ta ambaci aikin da lambarsa, ta nemi takardu da sunayensu maimakon tambayar "ina aka kwana". Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku.

Da zarar takardu sun shiga hannu, ku je wurin aikin ku auna, domin gani ya kori ji. Idan kwangila ta ce kilomita biyu da kwalbati huɗu, ku ƙirga, ku ɗauki hotuna, kuma in da hali ku tafi da wani injiniya ko magini daga cikin mazauna unguwar. Sannan ku kira taro ku karanta alƙaluman a bainar jama'a. Haka wasu manoma da leburori suka riƙa yi a jihar Rajasthan ta Indiya a tsakiyar shekarun 1990, inda karanta rajistar biyan kuɗi a gaban mutanen ƙauye ta fallasa sunayen matattu a cikin waɗanda aka ce an biya ladan aiki.

Siyasar jiha za ta shigo ko kun so ko ba ku so ba, musamman idan kansilanku da gwamna ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ko kuma zaɓe ya ƙarato, lokacin da ake yawan aza harsashin ayyuka. Shawarata ita ce kwamitinku ya haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban da mata da matasa, kuma kada ku karɓi kuɗin ɗan takara ko na buga takarda ne, domin ranar da aka iya kiran ku 'yan adawa ko 'yan koren wani, ranar ce alƙalumanku za su daina tasiri. Ku kai wa kansila da ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku bayanin a rubuce, ku aika kwafi ga kwamitin majalisa mai binciken asusun gwamnati, wanda yake da ikon gayyatar jami'ai su yi bayani.

Idan kuwa aikin bai shiga kasafi ba tun farko, lokaci ne abin lura. Ma'aikatu suna tsara buƙatunsu watanni kafin a gabatar da daftari, don haka wanda ya jira sai an sa hannu ya makara da shekara guda. A birnin Porto Alegre na Brazil, tun daga 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su jera ayyukan da suka fi buƙata kafin a rubuta kasafi, kuma unguwannin gefen birni sun samu ruwa da magudanai ta wannan hanya. Inda babu irin wannan tsari, ku nemi ranar da majalisa take zaman jin ra'ayin jama'a, ku miƙa buƙatarku da wuri tare da sa hannun mazauna, da hotuna, da ƙiyasin yawan gidajen da za su amfana.